Hayaƙin Unguwar Gangare

A garinmu Marlby, ƙuri'a a murhu take. Haka muka tarar, haka kuma takardar da wani sarki ya ba garin tun zamanin kakannin kakanninmu ta ce: duk namijin da ya yi kwana arba'in kafin zaɓe yana cin abin da aka dafa a tukunyarsa, a kan ɗaya daga cikin tsoffin murhunan gari, kuma bai karɓi sadakar coci ba, shi ne mai baki ranar zaɓe. Murhu sittin da ɗaya ne, ba a ƙarawa, ba a ragewa. Goma sha tara suna unguwarmu ta Gangare, a bakin rafi, kuma na can ƙarshen layi shi ne namu, ni Keziah da mijina Obadiah Pell, masaƙin ulu. Ni ke hura wutar, ni ke wanke tukunyar, shi kuma ke da ƙuri'ar. Ban taɓa ganin abin mamaki a wannan ba sai da na tsufa.

Waɗannan murhunan su suka fara tura Sir Gervase Aldwick Majalisa a London yana ɗan shekara ashirin da shida. Mu Mai Tudu muke ce masa, saboda gidansa na kan tudun da ke kallon garin. Daga kujerar Marlby ya fara hawa, ya riƙe baitulmalin Sarki, daga nan ya riƙe kunnen Sarkin, har ta kai ko mai gadin tashar jiragen ruwa ba a naɗawa sai da saninsa. Abokan gabansa suka laƙaba masa Babban Minista don su ci masa fuska, tunda a da ba a san wani minista ya ɗara 'yan'uwansa ba. Ya yi dariya ya karɓi sunan. Shekara goma sha takwas yana riƙe da ƙasa, kuma zan faɗi gaskiyarsa ko da ba na ƙaunarsa: bai kai ɗan kowa yaƙi ba. Ya gina mana gada, ya sake wa coci rufi. Bai taɓa ɗaure mutum don ya zage shi ba. Sai dai ya bincika ya gano abin da mutumin yake so, ya ba shi, daga ranar ba ka sake jin bakinsa.

Duk zaɓe keken doki yakan gangaro daga tudu da naman barewa, a ba kowane gida cinya ko kafaɗa. Ɗanye ake kawowa, kowa ya dafa a tukunyarsa, don haka kyauta ce ba sadaka ba, ba ta taɓa ƙuri'ar kowa. Obadiah yakan ci har ya suɗe ƙashi, ya ce, "Ci, Keziah, barewar ba ta sa mu rantsuwa ba."

A shekarar da nake ba ku labari, tun da kaka muka fara ganin waɗansu baƙi suna jan sarƙar awo a bayan gidajenmu, suna kafa turaku. Ba su gaida kowa. Daga baya magana ta fito daga bakin masu wankin gidan tudu: in Mai Tudu ya zauna cin abinci ya dubi taga, rufin gidajenmu da shanyarmu su ke tare masa ganin rafi. So yake ciyawa ta miƙe tun daga ƙofarsa har bakin ruwa, bareyi suna kiwo. Ƙasar Gangare kuwa ta gari ce, ba ta taɓuwa sai da dokar Majalisa, kuma ɗan majalisar Marlby ne kaɗai zai iya gabatar da ita. Kujerar yanzu tana hannun ɗan ƙanwar Mai Tudu, wani saurayi da ba mu taɓa jin muryarsa ba. Sai ga Ralph Denholm, mai gonakin ƙetaren rafi, ya fito takara, ya tsaya a kasuwa ya rantse cewa muddin yana kan kujerar ba mai cire ko tubali ɗaya a Gangare. Aka yi ta lissafi a gidan giya har aka gaji: talatin na Mai Tudu, talatin da ɗaya na Denholm, in dai duk Gangare ta tsaya wuri ɗaya.

Ana saura kwana uku a shiga kwanakin arba'in, da hantsi, Mai Tudu da kansa ya shigo gidanmu. Sai da ya karkace kafin ya wuce ƙofar, don jiki ne da shi. Bayansa wakilinsa ne, Lemuel Crake, siririn mutum mai magana ƙasa-ƙasa, wanda ke kula da filayen gidan tudu da duk abin da ba a son a ce Mai Tudu ya yi.

"Obadiah Pell! Zauna, zauna, kada ka tashi daga saƙarka. Keziah, yaya ƙafar mahaifiyarki? Har yanzu tana kumbura?"

Ya san sunan kowa, ya san ciwon kowa. Na ce, "Da sauƙi, ranka ya daɗe," kuma na ji haushin kaina.

Ya tsaya gaban murhunmu yana gasa tafukan hannunsa. "Zan gina muku gidaje a bakin hanya, na jan tubali, da tagar gilashi. Wannan ramin naku duk damina ruwa yake sha. Me ka ce?"

"Bakin hanya bayan iyakar gari ne, ranka ya daɗe," in ji Obadiah. "Murhun can ba shi da ƙuri'a."

"Me ƙuri'a ta taɓa yi maka?"

"Ta kawo ka ɗakina yau."

Mai Tudu ya yi dariya har tumbinsa na girgiza, ya dafa kafaɗar mijina. "Ka ji irin mutanen da suka haife ni, Crake? A London da kyar nake da rinjayen mutum biyar, karnuka sun kewaye ni, ga kuma na gida." Ya juyo ya dubi tukunyarmu da ke rataye a kan wuta, ya daɗe yana kallonta. "Tukunya mai kyau. Ki kula da ita, Keziah."

Da za su fita na ga Crake ya sunkuya ya leƙa inda muke ajiye itace.

Kwanakin arba'in suka kama. Kullum da safe sai ka hangi mutum biyu a gefen tudu, cikin baƙaƙen riguna, suna tsaye suna duban bututun hayaƙin kowane gida. Ba su saukowa, ba su magana. Mata suka daina aron garwashi a wurin juna, kowa na tsoron a ce wutarsa ta mutu. Wanda ya saba cin abinci gidan surukai ya daina. Keken naman barewa kuwa bai zo ba, karo na farko tun ina yarinya, kuma rashin zuwansa ya fi zuwansa tayar mana da hankali.

A kwana na ashirin da biyu dusar ƙanƙara ta sauko, irin wadda ban taɓa gani ba, ta rufe layi har gwiwa. Washegari Obadiah ya kwanta da zazzaɓi. Jikinsa kamar murhun, yana kiran sunan babansa da ya rasu tun da daɗewa. Itacenmu ya kusa ƙarewa, ɗan abin da ya rage nake lallaɓawa don ɗaki ya yi ɗumi, hayaƙi kuma ya fita masu baƙaƙen riguna su gani. A gidan ba abin da ya saura sai garin sha'ir da albasa biyu, shi kuwa ko loma ɗaya ba ya iya haɗiyewa.

Rana ta uku da kwanciyarsa, wajen tsakar rana, na ji ƙararrawar doki ta bayan gida. Keken gidan tudu ne, da tambarinsa a jiki, ya biyo ta bakin rafi ya fara da ƙofarmu. A bayansa wata ƙatuwar tukunya ce tana tururi. Ƙamshin naman barewa ya cika mini hanci.

"Sannu da jinya, matar Pell," in ji Crake daga kan dokinsa. "Mai Tudu ya ce bana sanyi ya yi yawa, mutane ba su da itacen dafa nama. Shi ya sa ya ce a dafa a kawo."

Naman Mai Tudu ne, wanda muka ci zaɓe bayan zaɓe ba abin da ya same mu. Abin da na gaya wa kaina ke nan. Na ruga na ɗauko kwano. Na ga romon, na ga kitsen da ke yawo a kai, na ga gutsattsarin karas. Hannun da ke riƙe da ludayin ne kawai ban duba ba. Obadiah ya sha rabin kwano, ya yi gumi, ya yi barci. Washegari na sake karɓa, jibi ma haka, kuma a kwana ukun nan tukunyata tana rataye a bango a bushe.

A rana ta ukun ce maƙwabciyata Hester Noakes ta keto ƙanƙara ta same ni da kwano a hannu. Ta kama ni ta ja ni cikin ɗaki.

"Ke Keziah, kanki ɗaya kuwa? Me kika karɓa?"

"Romon gidan tudu ne."

"Gidan tudu? Makauniya ce ke? Wa ke zubawa?"

Sai a lokacin fuskar ta dawo mini. Josiah Tunney ne, mai rabon sadakar coci, da hular nan tasa mai kunnuwa.

"Duk layin nan ba wanda ya buɗe musu ƙofa," in ji Hester. "Mijina cewa ya yi gara mu tafasa takalmi. Ke kuma har kwana uku? Wayyo, kin kashe mu."

"Ba wanda ya gani."

"Crake fa? Ko dokinsa ne ya yi miki magana?"

Ta fita ba sallama. Ban san dalilin da ya sa ba ta faɗa wa kowa ba, ko tausayi ne, ko tana fatan abin da nake fata, cewa a manta.

Obadiah ya tashi bayan mako guda, ya rame, hannunsa na dama yana ɗan rawa. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Romon nan da kika yi mini, shi ya dawo da ni duniya. Ina kika samo nama cikin wannan ƙanƙara?" Na ce masa wani maharbi ne ya sayar mini da arha. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa masa, sai in gan shi yana goge takalmansa na zuwa coci yana shirin ranar zaɓe, in haɗiye. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Na haɗu da Crake sau biyu a kasuwa, ya cire mini hula da ladabi, ya tambayi jikin maigida.

Ranar zaɓe aka kafa dandamali na katako a tsakiyar kasuwa. A wurinmu ba a ɓoye ƙuri'a: mutum ya hau, a kira sunansa, ya ɗaga murya ya faɗi wanda yake so, gari duka na ji. Magajin gari na zaune a kujera da sarƙar sarautarsa a wuya, Littafi Mai Tsarki a gabansa. Unguwa-unguwa ake kira, Gangare ce ta ƙarshe. Mutanenmu suka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya suna cewa "Denholm," ana ihu, ana jifa da huluna. Da mijin Hester ya sauko, talatin da talatin ne cif. Saura murhun ƙarshen layi.

Obadiah ya hau a hankali, yana riƙe da katako. Wani daga cikin taro ya ce, "Yi sauri, masaƙi, kafin iska ta ɗauke ka!" Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Crake ya matso ya yi wa magajin gari raɗa. Na ɗauka zai tona ne, amma bai tona ba. Magajin gari ya ce, "An nemi a rantsar da wannan mai murhu. Obadiah Pell, ɗora hannunka. Ka rantse cewa kwana arba'in ɗin nan abincin tukunyarka kaɗai ka ci, kuma sadakar coci ba ta shiga bakinka ba."

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Obadiah, ya miƙa hannu.

Na dubi gefen dandamali. Josiah Tunney na tsaye da hularsa mai kunnuwa, kansa a sunkuye. Kusa da shi ɗan doka ne, da sanda, da igiya a naɗe a ɗamararsa. Crake kuwa ba Obadiah yake kallo ba, ni yake kallo, hankalinsa kwance. Nan na gane. Jira yake hannun ya taɓa Littafi. Rantsuwar ƙarya a gaban magajin gari ba soke ƙuri'a kaɗai take jawowa ba. Na taɓa ganin wanda aka ɗaure a turken kasuwa saboda ita, aka yi ta jifansa, daga nan aka sa shi a jirgi zuwa ƙetaren teku shekara bakwai. Obadiah da ko tsani ba ya iya hawa ba tare da haki ba, ko teku ba zai kai ba.

"Kada ka rantse!"

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba.

"Maigida, kada ka taɓa shi. Romon nan ba ni na dafa ba. Daga ludayin Tunney na karɓa, kwana uku."

Hannunsa ya tsaya a sama. Ya juyo yana nemana cikin mutane, ya same ni, ya dube ni kamar bai gane yaren da na yi ba. Sannan ya janye hannun ya sa a aljihu.

Aka soke murhunmu. Talatin da talatin, kuma in aka yi kunnen doki magajin gari ke raba gardama. Wanda ya sa masa sarƙar nan a wuya kowa ya san shi. Ko dogon tunani bai yi ba, ya ba ɗan ƙanwar Mai Tudu kujerar.

Ba wanda ya zage ni a hanya, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka tako zuwa gida. Sai da muka kai ƙofa Obadiah ya ce, "Ya yi daɗi kuwa, romon." Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kai ke nan har ya mutu. Sai dai bai sake shan romo ba, nawa ko na wani.

Dokar ta wuce a Majalisa da bazara. Wata biyu bayan nan Mai Tudu ya faɗi daga mulki, kujerar Marlby ba ta cece shi ba. Aka yi ta kaɗa ƙararrawa a garuruwa, aka ce za a bincike shi, za a ɗaure shi. Ba abin da aka yi. Sarki ya ba shi sarautar Lord, ya dawo gida ya zauna gaban tagarsa. Ma'aikatan Crake suka rushe Gangare cikin mako uku, suka kwashe rufi da bango da ƙofofi, amma murhu da bututun hayaƙi ba su taɓa ko ɗaya ba. Guda goma sha tara, a jere, tsirara a tsakiyar ciyawa. Mun ɗauka mantuwa ce, har muna yi musu dariya.

Gidajen bakin hanya masu kyau ne, ba zan yi ƙarya ba, ruwa ba ya shiga. Mai Tudu ya rasu bayan shekara uku, aka kafa masa mutum-mutumi a kasuwa daidai inda ake kafa dandamali. Waɗanda suka kayar da shi a London suka raba kujerunsa, kuma babbansu bai ƙi a kira shi Babban Minista ba. Ralph Denholm, wanda ya rantse mana a kan tubali, ya auri 'yar Mai Tudu, ya gaji gidan da filin da bareyin. Har Crake ma yana cikin abin da ya gada.

Shekara bakwai suka cika, zaɓe ya zagayo. Aka yi shela a bakin hanya: gidan tudu na neman maza goma sha tara da za su yi zaman kwana arba'in a tsoffin murhunan Gangare, kowa da tukunyarsa, a ba shi itace da ɗanyen nama da lada, ranar zaɓe kuma a faɗa masa sunan da zai kira. Takardar sarki murhu ta ambata, ba ta ce dole sai da rufi a kansa ba.

A lokacin Obadiah ya bar saƙa, rawar hannun ta hana shi riƙe zare. Da wankau nake ciyar da mu. Wata safiya na dawo daga rafi na tarar ƙusar bango wayam, tukunyata ba ta nan.

Na bi hanya har shingen filin gidan tudu. Hayaƙi goma sha tara ne ke tashi a miƙe, ba iska, bareyi na kiwo a tsakaninsu ko a jikinsu. Kowane murhu da mutum tsugune a gabansa, an kafa masa 'yar rumfar buhu. Yawancinsu baƙi ne, 'yan ƙwadagon gona. Na bi shingen har ƙarshen layi, wajen rafi, inda ƙofarmu take a da.

Obadiah na zaune a kan dutsen da nake ɗora gishiri, ya ba ni baya. Ya rataye tukunyar a ƙugiyarta ta da, yana tura itace da hannun hagu.

"Maigida."

Bai juyo ba. "Na roƙi Crake ya ba ni namu. Bai yi gardama ba."

"Taso mu tafi gida. Ba mu rasa abin ci ba."

"Shekara bakwai ina bin wannan murhun ƙuri'a ɗaya, Keziah."

"Ba taka ba ce. Sunan da suka ba ka za ka kira."

"Na sani."

A cikin zanena akwai burodin da na gasa da safe, da ɗuminsa. Na zura hannu ta shingen na miƙa masa. Sai a lokacin ya juyo, ya dubi burodin, ya dubi gefen tudu. Mutum biyu na tsaye a can cikin baƙaƙen riguna.

"Mayar da shi," ya ce a hankali. "Kada ki kawo mini komai. Wannan karon ni zan dafa."

Na tsaya da burodin a hannu har ya huce. Ranar zaɓe ban je kasuwa ba, amma Hester ta je. Ta ce da aka kira murhun ƙarshen layi, ya hau ba wanda ya taimake shi, ya ɗora hannu ya rantse, kuma rantsuwarsa gaskiya ce. Ta ce ya kira sunan Denholm da ƙarfi, har na bayan kasuwa sun ji.